Neman kalmar Hausa: me za mu kira maikotoksin?

Jama'a ku taya ni. Jiya a kasuwar Mile 12 na tsaya wajen wani baba mai gyaɗa, kun san damshin Legas da damina ba ya barin komai ya bushe, ya kwance buhu sai ga wasu ƙwayoyin sun yi kore-kore da wani gari a tsagarsu. Na ce Baba wannan fa da matsala, ya ce ai funfuna ce kawai ɗana, a shanya a soya shikenan. Wallahi na rasa kalmar da zan ba shi.

Don abin da likitoci ke ce wa maikotoksin ba funfunar ba ce, abin da take zubarwa ne cikin abincin, kuma ko an goge ta an soya gyaɗar an yi ƙuli-ƙuli yana nan daram, wuta ba ta cika kashe shi ba. Wanda ya fi suna shi ne aflatoksin, na gyaɗa da masara da barkono. An gano shi ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa, a Kenya kuma a 2004 mutum 125 suka rasu sanadin masara.

Wani ya ce mu ce dafin funfuna. Ni ban yarda ba, dafi na maciji ne da kunama da kibiya, abin da aka ci ta baki guba ne. Saboda haka gubar funfuna. Wani kuma ya kawo gubar ruɓa, amma gyaɗa tana iya ɗauke da ita ba ta ruɓe ba, ido ma bai gani.

Inda na fi kakarewa shi ne wata kalmar daban, sunan garkuwar jikin da gubar nan ke karyawa. Kowa ya san ciwon hanta take jawowa, balle ga mai hepatitis B, amma tana kuma karya garkuwar jiki, wadda aka haifi mutum da ita tun kafin ya yi riga-kafi ko ya taɓa yin wata cuta. Garkuwar nan ita ce fata, bangon hanji, da fararen ƙwayoyin jini masu sintiri suna haɗiye ƙwayar cuta duk inda suka gan ta. Gubar nan tana rage musu ƙarfin haɗiyar, wasu irinta kuma suna sassauta bangon hanji cuta ta samu ƙofa, yaro ya yi ta zawo da rashin lafiya ana rasa dalili, shi ne ya fi damuna gaskiya.

Na fara rubuta garkuwar haihuwa, wata yayata da ke aikin nas a Agege ta ce a'a ƙanina, mata za su ɗauka maganar naƙuda ce. Garkuwar gado kuma a rubuce sai a karanta gadon kwanciya. Mun tsaya a garkuwar halitta, ɗayar da jiki ke samu bayan allura ko bayan cuta mu ce garkuwar koyo.

Saura sunan ƙwayoyin nan masu haɗiya, ni dai 'yan sintiri nake ce musu. Mutanen Katsina da Sakkwato da ke nan, funfuna kuke cewa ku ma ko akwai wata?