Robot mai siffar weji: wa ya taɓa karawa da shi, a hana ne ko a bari?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Rigima ta tashi a kulob ɗinmu na faɗan robot na makaranta nan Ingila, wasu na so a hana robot mai siffar weji, wato mai gaba kamar bakin gatari, ba makami ba komai, aikinsa kawai ya shige ƙarƙashinka ya ɗage maka tayoyi ya kai ka bango. Ni dai ya taɓa ci na, wata uku ina haɗa ɗan ƙarami mai giram 150 da faifai mai juyawa, wani ya zo da weji ya tura ni ramin da ke filin wasan tun faifan bai gama ɗaukar gudu ba, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Wanda ya taɓa gani ya ba mu labari dan Allah.

Bakanike: Sannu ɗan uwa, na san zafin. Amma wannan faɗan ya girme mu. Robot ɗin nan Roadblock da ya ci zagayen farko na Robot Wars, gasar faɗan robot ta talabijin a Ingila, a 1998 weji ne, da allon alamar titi ma aka yi gabansa. Daga baya aka sa dokar dole sai da makami mai motsi, haka masu gasar BattleBots ta Amurka ke yi tun dawowarsu a 2015. Ni a Amurka nake buga ajin robot masu nauyin fam 3, kuma abin da na gani da idona shi ne dokar ba ta kashe weji ba, kowa ya maƙala ɗan hannun ɗagawa a sama ya ci gaba da turi, masu manyan makamai ma yanzu sai ka gan su da dogayen yatsun ƙarfe a gaba suna shafar ƙasa, don duk wanda ya riga shiga ƙasa shi ke da wasan, kamar kokawa.

Malama Hajo: Ni ban yarda a hana ba sam. Ɗalibaina mata muke haɗa ƙaramin robot na kokawar sumo, giram 500, santimita 10 kowane gefe, a can ai ture abokin karawa daga da'ira shi ne wasan gaba ɗaya. Akwai yarinyar da ta wuni tana goge bakin farantinta da sanfefa, tana gwadawa da takarda a kan tebur, sai da takardar ta daina shiga ƙasansa ta yarda ta tashi. Moto biyu da batir ɗaya ta yi shi. In aka ce sai da makami ina za ta samo kuɗin, kuma ina akwatin kariyar da zan tsaya da yara a gefensa hankalina kwance?

Injiniya Sabo: Malama gaskiyarki, sai dai weji da weji minti 3 suna dungure-dungure akwai gundura, na zauna alƙalanci sau ɗaya 'yan kallo suka watse shan shayi. Da muka raba aji, masu turi daban masu makami daban, ƙorafi ya ragu sosai.

Ɗan Fagge: Na gode. Ranar Laraba muke zama, raba ajin zan kai musu. Bakanike turo min hoton yatsun nan naka, da me ka ɗaure su suke lilo haka?