Wace tarakta ce ta dace da gona eka 12?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Muna da gona eka 12 wajen Ejura a Ghana, masara muke yi sau biyu a shekara, kuma kullum matsalar ɗaya ce, da ruwan farko ya sauka kowa neman tarakta yake, sai ka yi sati biyu kana bin direba kana roƙo kafin ya zo lokaci ya tafi. Yayana da ke Italiya ya ce zai taimaka mu sayi hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje. An nuna min Massey Ferguson 375 amma ba ta da ƙarfen nan na bayan kujera, mai ita ya ce wai ado ne kawai. Gefen gonar kuma gangare ne har rafi. Me kuka gani?

Fitan Magazin:
Wa alaikumus salam. 375 ƙarfin doki 75 gare ta, ta yi wa eka 12 yawa sai dai in za ka riƙa yi wa maƙwabta aikin haya ta mayar da kuɗinta. In gonarku ce kaɗai nemi 240, wajen doki 50, ba ta shan mai sosai kuma kayan gyaranta ba wahala a nan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Ka je da sassafe a tayar da injin yana sanyi ka ga hayaƙi, a ɗaga garma a kashe injin ka ga ko garmar za ta sauka da kanta, in ta sauka akwai matsala.

Baban Asawase:
Yaro, wanda ya ce maka ado ne bai taɓa ganin an ciro mutum daga ƙarƙashin tarakta ba. Ni na gani. Direbanmu ne, Allah ya jiƙansa, tirela ta maƙale a taɓo ya ɗaura sarƙa a sama kusa da kujera maimakon ƙarfen ja na ƙasa, yana sakin kuloci gaban ya tashi ta kife ta baya, ko daƙiƙa biyu ba a yi ba, ba wanda ke iya tsalle a wannan lokacin. Ƙarfen nan shi ke tare ta kada ta danne ka, bel kuma ya riƙe ka a kujera, shi ya sa a Suwidin tun 1959 ba a sayar da sabuwar tarakta ba shi. Gangaren naku shi ya fi damuna. Kada a bi shi ta gefe, a sauka da ƙaramin giya, a hau da baya, a buɗe tazarar tayoyi, kuma a nisanci bakin rafin don ƙasar wurin tana zabtarewa. In an hau titi a haɗe birki biyun nan, na hagu da na dama. Kuma ban da ɗora yara a kan madigadi.

Ɗan Aboabo:
Innalillahi, Allah ya jiƙansa Baba, na gode. To in na saya haka, mai walda ba zai haɗa min da bututun ƙarfe ba?

Fitan Magazin:
A'a ɗan uwa, ni nan Magazin nake aiki amma ba zan ce maka ka yi ba. Na kamfani an gwada shi da nauyi, na walda yana iya lanƙwashewa ko ƙusoshin su tsinke a kanka. Nemi na asali wanda aka yi wa wannan samfurin, ana cirowa daga waɗanda aka wargaza, a duba ba tsatsa ba tsagewa. Kafin ka samu kada direba ya ɗaura bel, bel ba ƙarfe ɗaure shi zai yi a ƙarƙashinta. Kuma ka cire kuɗin ƙarfen daga farashin da mai ita ya faɗa.