Sabon shiga ya fara da Firebird ko kuwa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ni dai har yanzu ina kan bakana, duk wanda zai fara golf ɗin faifai (wasan jefa faifai cikin kwando) a Kano ya fara da faifai mai taurin kai, wato wanda ba ya saurin kifewa, irin Firebird. Hunturu ya shigo, jiya na jefa Leopard ɗina, faifai mai laushi, ina fuskantar iska, wlh sai ya kife ya yi dama ya faɗa cikin darbejiya. Firebird kuwa komai iska ka san hagu zai dawo.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena abin da ya samu Leopard ɗinka gaskiya ne, in iska ta tare faifai ta gaba kamar an ƙara masa ƙarfin jifa ne, shi yasa mai laushi yake kifewa. Amma duba lambobin da Innova, kamfanin da ke yin faifan, ta rubuta, Firebird 9, 3, 0, 4, gudu 9 yana son hannu mai ƙarfi, shawaginsa 3 kacal, kifewarsa 0, ga karkata 4 a ƙarshe. Yaron da ya fara jiya in ya jefa shi ba ya nisa, zai tashi ya zube hagu, sai ya fara karkatar da hannu yana ɗaga gefen faifan don ya miƙe, shikenan hannu ya saba da kuskure, gyaransa ya fi koyon farko wahala.

Auta: Yaya ni fa haka ta faru da ni, wata biyu ina ta fama, sai da na karɓi Leopard na ga faifai yana tafiya a miƙe.

Ɗan Fagge: To Auta ranar da iska ta taso fa? Mu da sai wani ya dawo daga Amurka ko Ingila muke samun faifai, in ya ɓace a ciyawa ko ya tsallaka katangar mutane ai ba kanti a Sabon Gari da za ka je ka sayo wani.

Bahago: Ku riƙa tunawa da mu masu hagu, ni nawa ɓangaren dama yake dawowa. Kuma a jifan gefe, wanda tafin hannu ke kallon gaba, ina bayan Ɗan Fagge, mai taurin kai yana jure rawar da faifai yake yi in ya fita hannu, Nate Sexton, ɗan wasan nan na Amurka, ma da Firebird aka san shi.

Yaya Babba: Sexton ƙwararre ne Malam, ba koyo yake ba. Jure rawar nan ma ita ce damuwata, faifan yana rufa maka asiri ba za ka gane hannunka bai daidaita ba. In iska ake tsoro ga faifan Teebird nan, 7, 5, 0, 2, yana tsayawa kuma yana tafiya.

Auta: Robar da ake yin faifan da ita fa? Na ji ance robar DX ba ta daɗewa.

Yaya Babba: Haka ne, ƙasarmu a bushe take ga tsakuwa, DX da ta sha bugu gefenta ya cinye taurin kan yana raguwa. Robar Champion ta fi ƙarko.

Ɗan Fagge: To a ba sabon shiga Firebird na DX da ya sha jiki mana Yaya, ni ban janye ba.

Yaya Babba: Ka taho da shi Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu, Auta zai jefa shi ya jefa Teebird, da iska a gaba da kuma a baya, mu auna taku.