Mamari ko kalli don giwan ruwa a tafkin Kainji idan baƙin ruwa ya iso?

Mai tambaya, daga wajen Shagunu:
Assalamu alaikum. Ina da kwalekwale na filafili, ba ni da inji, kuma na tara naira 150,000 daga geron da na sayar. Shekara biyu ke nan ina kama karfasa da birgi (ragar jefawa) a bakin gaɓa, amma bana ina so in gwada giwan ruwa tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da baƙin ruwa yake saukowa daga Mali, tafki ya cika ya kuma washe. Shin in zuba kuɗin a mamari ne, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ko in sayi kalli, ragar da ake kafawa a ruwa, mai manyan ido?

Ɗan Yauri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka nemi inji tukuna, domin duk wanda yake kama giwa ta kirki a tsakiyar tafki yake kama ta.

Dattijon masunci:
Yaro ya ce ba shi da inji, kuma kuɗinsa ba su kai ba. Ɗana, giwa da ido take farauta. A farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, laka takan rufe mata gani, shi ya sa kalli yake cin ta. Amma idan baƙin ruwa ya zo, tana hango zare tun daga nesa ta kauce. Ni mamari nake sa wa, da ƙaramar karfasa ko kawara mai rai a kowace ƙugiya, a soke ta a baya don ta ci gaba da motsi. Ka shimfiɗa da la'asar kusa da duwatsu inda ruwa yake da zurfi, ka duba da asuba, ka fito kafin iskar hunturu ta tashi da hantsi, domin igiyar ruwan Kainji ba ta raga wa mai filafili.

Wani daga Malale:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni abin da kalli ya yi mini ba zan manta ba. Bara waccan na karɓi bashi a hannun dillalin kifi na sayi sabo, bisa sharaɗin shi kaɗai zan riƙa sayar wa. A dare na huɗu ya sarƙe a kututturen itatuwan da ruwa ya binne tun da aka datse kogin a 1968. Na yi ta ja har igiya ta yanke mini tafin hannu, ƙanena yana kwarfe ruwa da ƙwarya yana kuka, daga ƙarshe rabi kawai muka fitar. Rabin da ya saura na kwana biyar ina ɗinkewa, na mayar, aka sace shi a daren Juma'a har da gorunan alama. Wata bakwai dillalin yana ɗaukar kifina a farashin da ya ga dama, ban isa in ce uffan ba.

Ɗan Yauri:
Allah ya mayar da alheri. Amma kalli bai wuce naira 45,000 ɗauri ɗaya ba a kasuwarmu.

Wani daga Malale:
Ni 70,000 aka ce mini makon jiya, ban da igiya da dalma.

Ɗalibin kiwon kifi a New Bussa:
Ina roƙon a kula da girman idon raga, domin kama giwar da ba ta kai haihuwa ba shi ne yake rage ta a tafkin, kuma haka masu bincike na cibiyar kifi da ke garinmu suke ta nanatawa.

Dattijon masunci:
Ɗana, ban raina karatunka ba, amma wanda ruwa bai taɓa kifar da shi ba ya saurara tukuna.

Ɗalibin kiwon kifi a New Bussa:
Baba, mahaifina ma Basarke ne, a cikin jirgi na girma.

Bakatsine:
Ku Kabawa ku daidaita tsakaninku, mu dai a soye muka san giwa, da yaji a gefe.

Ɗan Yauri:
Bakatsine ya ji ƙamshi ya iso. Amma maganar ɗalibi tana da tushe, sai dai masu kalli ba su ne matsalar ba. Masu jan dala, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa, su ne suke kwashe ƙananan kifin nan warangi da 'ya'yan kifi gaba ɗaya, alhali an daɗe da hana ta. Idan babu warangi, me giwa za ta ci ta girma?

Wani daga Malale:
A gaɓarmu da tsakar dare suke ja, kuma sau biyu muna kai kuka, ba mu ga canji ba. Da safe sai ka tarar da ƙananan kifi zube a kan yashi, ƙuda na bi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai da gaske. Baba, idan mamarin zan saya, ƙugiya nawa mutum ɗaya zai iya dubawa kafin iska ta tashi?

Ɗan Yauri:
Kafin Baba ya amsa, mutumin Malale, su masu dalar 'yan garinku ne ko baƙi ne suke zuwa daga ƙetaren tafki?