Giyar Motar Iyali Ta Fara Ba Da Matsala: A Gyara Ko A Canza?

Da na tattara shawarwarin masu ƙananan bas na iyali da na kanikawa kan wannan batu, abin da kusan kowa ya fara faɗa shi ne kada a yi saurin yanke wa giyar hukunci. Sau da yawa fizga ko jinkirin shiga giya daga ƙarancin man giya ne, ko wata 'yar na'urar lantarki da ta lalace. A sa kwamfuta ta duba motar tukuna, sannan a kalli man giya. Idan ya yi baƙi, yana warin ƙuna, ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki, to ɓarnar ta yi nisa.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a kwance giyar a sake haɗawa, amma sai a hannun bakaniken da ya ƙware a giyar otomatik. Wasu sun fi son sayen tsohuwa daga wata motar saboda sauƙin kuɗi, duk da ba ka san wahalar da ta sha ba. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa kada a biya ko kwabo sai da garanti a rubuce.

Wani ya tuna abin da ake yawan mantawa: zafi ne ke kashe giyar irin waɗannan motoci masu ɗaukar nauyi, don haka a wanke bututun sanyaya man giya kafin a ɗaura wata giyar. In kuma tsatsa ta ci bodi, inji yana shan mai, yawanci sun ce a sayar da motar kawai.