Kwaikwayo ne kaɗai ya ɗaga China?

Ɗan Kwari: Ni fa ban ga wata fasaha ba. Zanen atamfa 'yan China suka kwafa, suka buga da arha, suka cika mana Kantin Kwari. A 2007 masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe, dubban magidanta suka koma gida. Kasuwarmu suka cinye, shi ke nan.

Injiniya: Alhaji, ciwon nan ya shafe mu duka. Amma a duba Koriya ta Kudu. Motar Hyundai Pony ta 1975, injin Mitsubishi ne a cikinta. Kamfanin ƙarfe na POSCO ma da kuɗin Japan da ƙwararrunta ya tsaya da ƙafafunsa. Kowa da aro ya fara. Mu ma Tarayyar Sobiyet muka ɗauko ta gina mana masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun 1979, har yau ba a narka ƙarfe a babban tanderunta ba.

Malama: Injiniya, kada a manta da dokokin ciniki. China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, a farkon 2005 kuma aka soke kason da ƙasashen Yamma ke ƙayyade wa tufafin waje. Daga nan masana'antunta suka bunƙasa, farashin yadi ya faɗi ko'ina.

Ɗan Kwari: To kun ji. Ƙofa aka buɗe musu.

Malama: An buɗe wa Bangaladash ma, Alhaji, ta zama babbar mai fitar da tufafi. Mu a lokacin masaƙunmu na Sharaɗa da Bompai da janareta suke aiki, ga kayan fasa-ƙwauri na kwararowa ta kan iyaka.

Injiniya: Kuma zancen ya wuce atamfa yanzu. A watanni ukun ƙarshe na 2023, kamfanin BYD na China ya fi Tesla na Amurka sayar da motocin lantarki. A 2024 Amurka ta ɗora wa irin waɗannan motocin na China harajin kashi 100, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata. Wanda bai iya komai ba sai kwafa, ba a gina masa katanga irin wannan.

Ɗan Kwari: Na yarda da zancen mota. Amma da Amurka ta ji jiki, haraji ta sa ta kare ma'aikatanta. Mu da muka hana shigo da yadi, wa ya tsare iyakar? Ɗan'uwana shekara goma sha biyu ya yi a masaƙa a Kakuri, yau Keke Napep yake ja, keken ma daga Indiya aka kawo.