Oga biyu ke juya ni, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema, don Allah a sakaya sunana. Wata 8 ke nan ina aiki a wani ofis a matsayin mataimakiya: ni ke karɓar wasiƙu, in buga takardu, in shirya ɗakin mitin, in ɗaga waya. Mutum biyu ke ba ni umarni, manaja da mataimakinsa, kuma ba sa ga maciji da juna. Ranar Talata manaja ya ce in gama buga rahoton wata kafin ƙarfe 12. Ina cikin yi mataimakin ya dire min fayil uku, wai fotokofi yanzu-yanzu, ya tsaya a kaina ko zama bai yi ba. Na yi nasa, rahoto ya makara, manaja ya wanke ni tas a gaban kowa. Ga abokan aiki kuma, kowa sai ya lallaɓo da nasa: "Ƙanwata, ɗan taimaka mana." Kullum ni ce ƙarshen tashi. Wallahi har na fara tunanin ajiye aikin.

Amsoshi

Tsohuwar sakatariya: Wa alaikumus salam ƙanwata, kar ki ajiye. Ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki duba a ƙarƙashin wa aka sa ki. Wa ke sa hannu in za ki tafi hutu, wa ke cike takardar ƙwazonki a ƙarshen shekara? To shi ne oganki. In ɗayan ya zo da nasa, kar ki ce a'a, kar kuma ki saki na hannunki. Ki ce: "Ranka ya daɗe, ina kan rahoton da manaja ke jira ƙarfe 12. In ƙarasa tukuna, ko za ka yi masa magana in fara naka?" Yawanci cewa zai yi ƙarasa, don ba ya son zuwa wurinsa. Sannan ki samu ɗan littafi: wa ya ba ki aiki, ƙarfe nawa, yaushe yake so. Duk takardar da za ta bar teburinki, mai karɓa ya sa hannu a rajista. Ni an taɓa cewa na ɓatar da wasiƙa, na buɗe rajista, ga sa hannun mai zargin nawa da kwanan wata. Shiru kake ji.

Wani ɗan uwa: Ki kai ƙara sashen kula da ma'aikata kawai.

Wata 'yar uwa: Haba malam, tun yanzu? Ta fara samun manaja shi kaɗai, ranar da ransa ke sanyi, ta nemi ya faɗa mata wane aiki ne gaba in biyu suka haɗu. In abin ya ci gaba, sai ta je can da littafinta a hannu. Ke kuma 'yar uwa, in ɗayansu ya fara sukar ɗaya a gabanki, ki zama kurma. Suna iya shiryawa gobe su bar ki a tsakiya.

Wani magatakarda: Masu "ɗan taimaka" ɗin nan, ki ce musu sai kin gama na oga, su ajiye a layi. Rabinsu za su kwashe kayansu.

Mai tambaya: Na gode Anti, na gode 'yan uwa. Na duba takardar, sunan muƙamin manaja ne a kai. Gobe da safe zan same shi kafin mutane su cika.